Ƙwaryar Goggo Altine

In kana son ka ga ɓacin ran Malama Safiyya Maccido, ba sai ka zage ta ba. Ka tare ta a hanyar makaranta ka ce mata labarin nan nata na mai nono ya yi daɗi. Za ta tsaya cak, ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce, "Ji kay yi ko karantawa?" In ka ce ji ka yi, ta wuce abinta ba ko sallama. Mutanen Illela sun ce girman kai ne irin na masu rubuta littafi. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi, don a gaban idonsu abin ya faru.

A nan garin aka haife ta. Mahaifinta, Malam Maccido, a sashen noma na ƙaramar hukuma ya ƙare ƙuruciyarsa, mutum ne mai tara tsofaffin jaridu ya hana a kunna wuta da su. A cikinsu Safiyya ta koyi karatu kafin a kai ta makaranta. Tun tana yarinya aka san ta da ɗabi'a guda: ta tara ƙannenta a zaure ta shirya musu labarin da zai hana su zuwa bayi su kaɗai har mako ya zagayo. Ta sha dukan muciya a hannun innarta saboda haka, ba ta daina ba. Ta je Sakkwato ta yi karatun malanta, ta dawo tana koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, ta auri Sharafuddeen, ma'aikacin ofishin ruwa, mutumin da in ta karanta masa labari sai ya ce, "Madalla," sannan ya tashi ya duba ko an kulle ƙofa.

Da rubutun waya ya zo, mata suka cika guruf-guruf da labaran soyayya, ita ma ta shiga da nata. Sai dai nata ba attajirin da ya ga 'yar talaka a bakin famfo. Gajeru ne, kafin shinkafa ta nuna ka gama karanta ɗaya, amma ka gama shi kana waiwaye. In ta tura, sai a yi shiru, can wata ta ce, "Malama, ki ji tsoron Allah, ba ko ɗan so a ciki?" Wata ta ce a yi mata addu'a, ƙila tana da mutanen ɓoye. Wannan ya ƙona mata rai har ta rantse sai ta ga labaranta a kan takarda, da sunanta a bango, inda ba mai goge shi da ɗan yatsa.

Ta sayar da tunkiyar da take kiwo, ta tafi maɗaba'a a Sakkwato da ƙafarta. Mai maɗaba'ar ya ɗora mata hoton wani ƙwarangwal na Turawa a bango, ta ce ya cire, mutanenta ba ƙashi suke tsoro ba. Aka yi baƙin bango, aka rubuta *Inuwar Matafiyi* da fari, a ƙasa aka sa "ƙagaggun labarai", sannan sunanta. Ranar da ta sauko da kwalin daga mota a tashar Illela, ta ji kamar garin zai tsaya ya dube ta. Ba wanda ya tsaya, sai wani mai kura da ya ce ta kauce.

Daga nan ta gane rubutu shi ne mai sauƙin. Ta kai littafin shagon mai sayar da littattafan makaranta, ya ajiye shi a ƙarƙashin kwalin alli. Ta kai ɗakin malamai, kowa ya miƙo hannu yana son na kyauta, wanda ya samu kuma ya mayar da shi maficin zafi. Ta tsaya a tasha ranar Lahadi, ranar kasuwa, tana leƙa tagogin motocin Sakkwato, ita da take malama, matar aure, 'yar Malam Maccido, tana cewa ga littafi. Wani Alhaji ya karɓa ya jujjuya, ya tambaye ta ko na addu'o'in tsari ne. Da ta ce a'a, ya miƙo mata abinta ya sayi rake.

In ta gaji da wannan wulaƙanci, wuri ɗaya take zuwa ta huce. Tsakanin tasha da hanyar da ta miƙe zuwa iyaka akwai wata bishiyar dogon yaro, a ƙarƙashinta masu nono suke zama. Babbarsu ita ce Goggo Altine, Bafulatana daga wata ruga a bayan Tozai, doguwa, mai ɗan rankwafawa, wadda Safiyya ta fara shan furarta tun tana aji biyu na firamare. Altine tana da wata babbar ƙwarya da ta gada daga uwarta, ta yi duhu don tsufa. Ta taɓa tsagewa daga baki zuwa ciki, Altine ta huda ta ɗinke ta da jan zaren buhu, don shi ta samu a ranar. Duk Illela an san wannan ƙwarya. Direba zai aiko a ce, "Nonon mai jan ɗinki," ba sai an ambaci suna ba.

A gindin wannan bishiya labarin da ya fi kowane kyau a littafin ya zo wa Safiyya. Tana zaune da hantsi, tana kallon matafiya suna shan nono su miƙe zuwa Kwanni, garin da ke ƙetaren iyaka, inuwarsu tana biye da su a ƙasa, sai ta ce a ranta, in wata rana inuwar ta ƙi bi fa? Ta rubuta labarin wata mata da ta raka mijinta fatauci. Suka sha nono a wurin wata tsohuwa kafin su tsallaka iyaka. Da suka isa can ƙetare, matar ta duba ƙasa ta ga tata inuwar kaɗai. Mijin ya kwanta ciwo, yana ta cewa yana jin sanyi, an rufe shi a cikin wani abu mai zagaye. Matar ta koma wurin tsohuwar, ta leƙa ƙwarya, ta ga mijinta a kwance a ƙarƙashin nono yana kallonta. Da bakin matar aka ba da labarin: na gani, na ji, na leƙa. Safiyya ba ta ambaci Illela ba, ba ta ambaci Altine ba. Amma idon marubuci kwaɗayi gare shi, ya ga jan ɗinkin nan ya kasa bari. Ta sa shi a labarin.

Ba ɓoyewa ta yi ba. Ta gaya wa Altine tun kafin a buga.

"Goggo, na sa ƙwaryarki cikin littahi."

Altine ta yi dariya tana dama fura. "To ki sa ni kyakkyawa dai, ɗiyata. Kak ki hwaɗi haƙorana sun zube."

Nan maganar ta tsaya, don su biyun ba wadda ta ɗauka takarda tana cizo.

A bakin tashar akwai rumfar kwano ta Attahiru, mai tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a waya. Magidanci ne mai 'ya'ya, mai fara'a, irin mutanen da ba su taɓa yin laifi ba a ganin kansu. Duk ɗan kabu-kabu, duk direba, duk makiyayin da ya shigo kara da shanu, sai ya biya ta rumfarsa an cika masa memori. Ya daɗe yana kallon Malama tana yawo da littafi a rana. Wata Lahadi ya kira ta.

"Malama, wa ka karatu yanzu? Mutanen ga kunne ag gare su, ba ido ba. Ki karanta guda da bakinki ki kawo mani. In sun ji, su da kansu za su biɗo littahin."

Shawarar ta shige ta. Bayan an tashi daga makaranta ta zauna a aji ita kaɗai, ta rufe tagogi, ta karanta labarin mai nono a waya. Ta fara da cewa, "Wannan ƙagaggen labari ne, ni Safiyya Maccido na ƙirƙire shi, bai faru ba." Ta rufe da faɗin sunan littafin da inda za a same shi. Tsakanin waɗannan biyun kuwa ta saki muryar nan da ta hana ƙannenta zuwa bayi. Inda matar ta leƙa ƙwarya, muryar Safiyya ta karye kamar mai kuka da gaske. Ta saurara ta ji ya yi, ta kai wa Attahiru.

Ba a daɗe ba ta ji muryarta tana tashi daga aljihun wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko ta. Daɗi ya kama ta, tana jiran ƙarshe, inda za a faɗi sunan littafi. Labarin ya kai inda matar ta leƙa ƙwarya, sai ya yanke, waƙa ta shigo. Ɗan kabu-kabun ya girgiza kai ya ce, "Allah shi tsare mu, Hajiya. Nan garin na fa abin ga yaf faru." Kafin ta isa gida an turo mata shi a guruf ɗin malaman makarantarsu, da rubutu a sama: jama'a a yi hattara, wata baiwar Allah ce take ba da labarin abin da ya sami mijinta a Illela, a tura wa 'yan uwa. Wadda ta turo, da ita aka raba littafin kyauta a ɗakin malamai.

Safiyya ba ta cire hijabin makaranta ba ta koma tasha.

"Attahiru, ina kan labarina? Ina sunana?"

"Malama, kwantar da hankalinki. Na sa shi da kai nai, ba wanda yat tsaya. Da sun ji 'ƙagagge' sai su ce a sa musu waƙa. Da nic cire kai da wutsiya, kin gani, hat Tawa, can ƙetaren iyaka, an ji ki."

"An ji wa? Wa anka ji?"

"Muryarki mana."

"Mutane cewa sukai gaskiya ta! Ka san ƙwaryar wa ta a ciki?"

Attahiru ya ɗaga kai daga kwamfutarsa ya dube ta, ba ko kunya. "Ni nis sa ta ciki, Malama?"

Ta so ta kifar masa da teburin, ta so ta fasa lasifikar rumfar da ke ta ihu a kanta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a duk maganganun banzan da ya yi, wannan ɗaya gaskiya ce.

Garin da ya kasa karanta shafi goma, sai ga shi ya haddace labari daga farko har ƙarshe. Manyan mutane masu gemu suna tafiya a rana suna satar kallon ƙasa. 'Yan canji da ke zaune da sefa a bakin hanya suka fara ba da shaida cewa sun san mijin, ɗan Gidan Katta ne, wasu suka ce a'a, Ba'adare ne mai fataucin albasa. Ba wanda ya tambayi sunansa, ba wanda ya tambayi inda aka binne shi. Abu ɗaya kowa ya riƙe, jan ɗinki, don shi kaɗai ne a labarin za a iya zuwa a gani da ido.

Aka daina aikowa. Altine takan zo da nono ta koma da shi ya yi tsami. Sauran masu nonon suka fara jan tabarminsu kaɗan-kaɗan, har aka wayi gari ita kaɗai ce a gindin bishiyar, su suna can cikin rana sun gwammace zafi. Sannan kalmar ta fito, wadda kowa yake jira wani ya fara faɗa: mayya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyinta. An ce mayya kurwar mutum take kamawa ta ɓoye, ya yi ta ciwo har ya mutu. An ce kuma a nonon uwa ake shan abin, saboda haka in an liƙa wa mace, an liƙa wa 'ya'yanta mata da jikokinta, har waɗanda ba a haifa ba. Altine tana da 'ya'ya mata uku. Safiyya ta san duk wannan tun tana goye, ita da take koyar da al'adun Hausawa a aji, amma ranar da take rubutu ba ta ga komai ba sai kyan labari.

Ta yi abin da za ta iya. Ta tura cikakkiyar muryar, mai kai da wutsiya, a duk guruf ɗin da take ciki. Ba wanda ya tura ta gaba, don gyara ba ya da daɗin ji. Ta sa Sharafuddeen ya sami limamin unguwa, liman ya yi huɗuba mai kyau a kan ƙazafi, mutane suka gyaɗa kai, kowa yana tuna wani maƙwabcinsa da ya kamata ya ji. Ta je ta durƙusa a gaban Altine.

"Goggo, don Allah ki aje ƙwaryag ga gida. Ni saya maki sabuwa, ko roba, hal abin ya wuce."

"In na sake ta, na amsa ke nan," in ji Altine. "Cewa za su yi na ɓoye ta don akwai mutum ciki. Innata tas sha nono cikinta, ni na sha, ke ma kin sha. Mi tac ci maki?"

"Ba ta ci mani komi ba, Goggo."

"To zauna ki sha hura. Yau ba mai tsere da ke."

Haka aka yi ta tafiya har damina ta shigo da sauronta. Akwai wani Abba, ɗan kabu-kabu mai kai kaya Kwanni, wanda taurin kai ya sa bai daina shan nonon Altine ba, har yana yi wa abokansa dariya. Zazzaɓi ya kwantar da shi, irin wanda yake kwantar da rabin gari duk shekara. Da jikin ya yi zafi ya fara sambatu, yana cewa sanyi yake ji, a buɗe shi. Shi ma ya saurari muryar nan ba sau ɗaya ba, me zai faɗa in ba abin da ke kansa ba? Uwarsa Tasalla ta ji haka ta ɗora hannu a ka. Maimakon asibiti, aka kwantar da shi a amalanke ranar Lahadi da hantsi, aka turo shi gindin dogon yaro, kasuwa ta biyo baya.

Abin da suke so sananne ne. In an zargi mace da kama kurwa, sai a kawo mara lafiyan a shimfiɗe, a sa ta tsallake shi, wai da haka take sakin abin da ta kama. Ba a tambayar ko ta yi. Tsallakewar ita ce amsa laifi, ƙin tsallakewa kuma shi ne taurin kan mayya.

Wata ɗalibar Safiyya ce ta buga mata waya. Ta fito da kwalin littattafai a ka, ta ratsa taron tana ture maza da kafaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tarar da Abba a shimfiɗe a tabarma yana rawar ɗari, Tasalla a durƙushe tana kuka, Altine a zaune da ƙwaryarta a gaba, ta dafe ta da hannu biyu.

Safiyya ta dire kwalin ta ɗaga littafi sama.

"Ku saurara! Muryar da kunka ji tawa ta! Ni nir rubuta labarin ga, ga shi nan cikin littahi, ƙarya ta, ni niƙ ƙaga ta! Ba wani miji, ga mijina can gida da rai nai!"

Sun gane muryar, ba shakka. Sai wani daga baya ya ce, "Ita ta kuwa! Ashe Malama ta tag gani!" Wani ya ce, "An ba ta tsoro ta janye." Ta kunna musu cikakkiyar muryar a waya, inda take cewa bai faru ba, hayaniya ta danne ta. Wani mai ilimi a cikinsu ya ce ai yanzu ta ƙara wannan, kowa ya san ana haɗa murya a kwamfuta. Attahiru yana tsaye a bakin rumfarsa yana hango komai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Da idonsa ya haɗu da na Safiyya, ya sunkuya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Safiyya ta fizgi ludayi ta ɗebi nono daga ƙwaryar ta sha, ta ƙara, yana zuba a hijabinta. Ta fita cikin rana ta nuna ƙasa.

"Ga inuwata nan! Ku dube ta! In kuna so mu tai Kwanni yanzu da ƙahwa, ku gani in ba ta bi ni!"

"Ai mayya ba ta cin nata," in ji wata mata. "Tun tana ƙarama taka ba ta hura."

Akwai lokacin da mutum yake gane cewa ba hujja ake nema ba. Safiyya ta tsaya a rana da nono a haɓa, tana kallon fuskokin da ta sani, iyayen ɗalibanta, abokan mahaifinta, ta ji ƙiyayyar garin nan ta cika mata ƙirji. Ta ga wasu matasa sun fara duban duwatsun bakin kwalbati.

Tasalla ba ta cikin masu ihu. Ta ja gwiwa har gaban Altine ta kama ƙafarta.

"Don Allah, don Annabi. Shi kaɗai gare ni. In ba ke ta ba, mi za ki rasa? Taki guda na."

Altine ta dube ta. Ta san abin da za ta rasa, ta fi kowa a wurin sani. Ta dubi matasan, ta dubi Abba da leɓensa ya bushe, ta sake duban uwar. Sannan ta saki ƙwaryar ta miƙe a hankali, ta tattare zanenta.

"Goggo, kak ki yi!" Safiyya ta yi ihu. "Kak ki yi, don Allah!"

Altine ba ta waiwaye ta ba. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake Abba. Ta tsaya a ɗaya gefen ta ce wa Tasalla, "To na yi. Yanzu ki kai shi asibiti, zazzaɓi na." Ta ɗora ƙwaryarta a ka, taron ya dare mata, ta bi hanyar Tozai.

Safiyya ce ta tsayar da mota, ita ta raka su asibiti, ita ta tsaya har aka ɗaura masa ruwa aka yi masa allurai. Tana zaune a benci tana roƙon Allah ya tashe shi, tana kuma sane da abin da tashinsa zai jawo. Abba ya warke sarai. Illela ba ta ce allura ta yi aiki ba. Cewa aka yi, kun gani, tana tsallake shi ta sake shi.

A makon nan aka fara sallama a ƙofar gidan Sharafuddeen ana neman littafi. Wanda ta yi ta bi da shi tasha-tasha ana kawar da kai, yanzu har daga Sakkwato ake aikowa, wai a ga cikakken bayani. In ta nuna musu inda aka rubuta "ƙagaggun labarai" sai su yi murmushi, su ce ai dole ta rubuta haka. Attahiru ma ya zo da kansa, da fara'arsa, ya ce jama'a suna tambayar ci gaba, in ta yarda wannan karon zai bar sunanta. Sharafuddeen, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, shi ya raka shi har titi riƙe da wuyan rigarsa.

Ba ta sake sayar da ko ɗaya ba. Kwalin yana nan a ƙarƙashin gado. Wanda ya nace, takan fito da guda ta buɗe shafin farko, inda aka ce duk abin da ke ciki ƙirƙira ne, ta ce ya karanta da ƙarfi a gabanta, sannan ta ba shi kyauta. Da yawa sukan ce sun manta tabarau. Ba ta daina rubutu ba, don ba ta iya dainawa, amma a labaranta na yanzu ba bishiyar da za ka gane, ba ƙofar da za ka nuna. Ta ce sun fi na da rauni, kuma ta sani.

Altine ba ta sake zama a gindin dogon yaro ba. Da kaka ta yi, Safiyya ta hau kabu-kabu zuwa Tozai, ta ƙarasa rugar da ƙafa ta cikin karan gero. Jaɓɓo, mijin Altine, ya amsa sallamarta a taƙaice ya nuna mata bukka ya koma wurin shanu. Ta tarar da Altine tana tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. Yarinyar ta ga baƙuwa daga gari ta tashi ta shige ciki. Ƙwaryar tana kife a kan danki, gadon itacen da ake jera ƙore, jan ɗinkin yana sama.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi makaranta. Safiyya ta shirya maganganu tun daga gida, da ta buɗe baki sai kuka ya riga su. Altine ta bar ta ta yi, ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma zage ta ba. Da ta lafa, Altine ta shiga bukka. Ba a zuwa ruga a tashi ba a sha nono ba, ko baƙon da ba a sani ba sai an tare shi da shi, ga shi kuwa an yi tatsar safe, ƙamshinsa ya cika wurin. Altine ta fito da ruwa a kofin roba ta ajiye a gabanta.

Safiyya ta dubi kofin, ta ɗago.

"Sha ruwa, Malama," in ji Altine. Ba ta ce ɗiyata ba. "Ba ni ba mutanen gari nono yanzu. In kin koma kin yi zazzaɓi, ba ni da ƙahwar tsallaka ta biyu."